Shekarar da Na Bi Yaya Habu Daji

Amina da Sadiƙu, wannan babin saboda ku na rubuta shi, duk da cewa 'yan uwanku da kuka tashi tare a gidana su ma ina so su karanta. Na san abin da dangi ke faɗa muku in kun je gida Ɗambatta. Wasu sun ce mahaifinku taɓuwa ya yi, wasu sun ce ni na gudu na bar shi a daji har rai ya yi halinsa. Na yi shiru shekara da shekaru domin mahaifiyarku ta roƙe ni in yi shiru. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya fara dushewa, kuma ba na son in tafi da maganar a cikina. Ina da laifi a mutuwar ubanku, amma laifin daban yake da wanda ake ɗora min, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Yaya Habu ya girme ni da shekara bakwai, kuma shi kaɗai ne ya yi boko mai zurfi a gidanmu. Safiyo ne, mai awon ƙasa. Shi ya kawo ni Abuja, ya samar min rumfa a kasuwar kayan marmari ta Zuba, inda nake sayar da lemo da kankana. A lokacin duk wanda ya gan shi da na'urarsa mai ƙafa uku da farar hularsa ta kwano sai ya ce oga. Yakan ce min ya san Utako tun tana gonakin doya, shi ya ja igiyar awo a wuraren da yau motocin haya ke lodi. Ba ya faɗin haka da alfahari. Akwai wata tsohuwa 'yar Gbagyi da ya sha ba ni labarinta, wadda ta zauna a kan kabarin mijinta ta ƙi tashi, shi kuma yana tsaye da turke a hannu yana jira a ɗauke ta don ya kafa. An ɗauke ta, ya kafa. Ya ce tun daga ranar ciwon kai ya kama shi, ciwon da ba ya jin magani.

Gidan da ya gina da guminsa yana wata unguwa a gefen birni, irin unguwannin da talakawa ke saye a hannun masu unguwa. Wata ranar Talata aka zo aka shafa wa bangon jan fenti, bayan mako uku katafila ta zo. Ina wurin. Mahaifiyarku Rabi tana ta jan katifa da tukwane zuwa bakin hanya, ke Amina kina goye, kai Sadiƙu kana ciki ba a haife ka ba. Yaya kuwa ya tafi wurin jami'in da ke riƙe da taswira ya roƙa a nuna masa. Ya duba ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna a kan buhun masara. Layin titin da ya bi ta tsakar gidansa, shi da kansa ya auna shi shekaru da suka wuce, tun wurin yana fili. Ya san da layin sa'ad da ya sayi filin, ya ɗauka ba za a zo ba a zamaninsa.

Na kwashe su zuwa Zuba, na ba su ɗaki ɗaya cikin biyun da nake haya. Yaya bai sake komawa ofis ba. Kullum da safe zai shiga mota zuwa wani shagon kwamfuta a Utako, ya dawo da yamma da tulin takardu da ya buga. Rubuce-rubucen wasu Turawa ne waɗanda ba su yarda da gwamnati kowace iri ba, kuma suka ce birni da masana'anta da ma noma kansa su ne tushen wahalar ɗan Adam. Ni ban iya Turanci mai nauyi ba, shi yake fassara min a rumfa, ina auna wa mutane lemo.

"Lawal, wa ya fara cewa nan nawa ne?" in ji shi. "Manomi ne. Ranar da mutum ya kafa shinge, ranar ya buƙaci rumbu. Rumbu ya buƙaci mai gadi, mai gadi ya buƙaci sarki, sarki ya buƙaci haraji da kurkuku. Daga shingen nan zuwa katafila hanya ɗaya ce, ba kwana. Kafin wannan mutane farauta suke yi, su tsinki 'ya'yan itace, su ci su kwanta. Ba mai korar wani, don ba wanda ke da wuri."

Na ce, "Yaya, in shugabanni ne ba su da adalci, ai sai a yi addu'a Allah ya kawo na kirki."

"Na kirkin ma taswira zai ɗauko," in ji shi. "Wanda ya faɗa tarko ba gyaran tarko ne a gabansa ba."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa tana shiga. Duk wanda ya ga yadda 'yan garinmu ke kwana a kango suna tura baro daga asuba zuwa magariba, a kama su a ƙwace kayansu don sun ɓata wa birni fuska, ba zai ce Yaya shirme yake yi ba. Sallarsa ba ta taɓa wuce shi ba, lissafinsa daram, bai taɓa zagin kowa ba. Mutum ɗaya ce ke iya tsayar da shi, ita ce Rabi. Ranar da ya ce ta shirya za su koma daji da yara, tana tsugune tana wanke shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Amina, su Turawan da suka rubuta maka wannan, a daji suke kwana?"

Ya ce wasunsu sun gwada.

"Da mai ciki suka gwada? Kai ka je. In ka sami gidan da ba a shafa masa fenti, ka zo ka gaya min. Ni dai a asibiti zan haihu."

Sai ya yanke shawarar zai fara tafiya shi kaɗai, ya yi shekara guda, in ya tabbatar ana iya rayuwa ya dawo ya ɗauke su. Aka aika wa Innarmu, kakarku, ta taso daga Ɗambatta duk da ciwon ƙafarta. Ta yi masa magana kwana biyu, yana durƙushe yana cewa ta yafe masa, amma bai sauya ba. Da ta ga haka sai ta kira ni bayan ɗaki.

"Ka bi shi," in ji ta. "Ɗan'uwanka bai taɓa riƙe fartanya ba, balle baka. In ya sha wuya zai juyo. Kai dai ka dawo min da shi."

Na bar rumfata a hannun maƙwabcina. Da kaka muka tafi, ruwa ya ɗauke ke nan. Mota ta sauke mu a Karshi, daga nan muka yi tafiyar yini ɗaya da rabi a ƙafa, muka nausa cikin duwatsun da ke wajen Nasarawa. Abin da muka ɗauka adda biyu ne, gatari, tukunya, ƙyastu na kunna wuta, da bargo. Wayarsa da agogonsa ya bar wa Rabi. Ya ce addar ma aikin maƙeri ce, za mu riƙe ta ne kafin mu koyi sarrafa dutse. A bakin wani rafi, ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, muka ajiye kaya. Bayan mun yi la'asar ya kama hannuna.

"Ka yi min alkawari tsakaninka da Allah. Komai ya same ni a nan, ba za ka kai ni gari ba. In cuta ce, daji ya ba ni magani ko ya karɓe ni. In na gudu asibiti ranar farko da na ji jiki, to duk abin da na faɗa ƙarya ne."

Na yi masa. A raina na ce mako biyu ne za mu koma, mene ne a ciki.

Watanni ukun farko, wallahi, ban taɓa ganin mahaifinku cikin jin daɗi irin na lokacin ba. Rafin yana da tarwaɗa, muna tare ruwa da duwatsu mu kwashe da hannu. Akwai kanya, akwai taura, akwai doyar daji da muke tonowa a gindin bishiyoyi. Ni na tuna tarkon da muke ɗana wa gafiya muna yara, na koya masa, ranar da ya kama ta farko ya yi ta dariya har da hawaye. Mun sami zuma a kogon wata kaɗanya, ƙudan suka kumbura masa fuska, bai damu ba. Kafin rana ta take mun gama neman abin da za mu ci, sauran yinin hira ce da barci da kallon tsuntsaye. Ciwon kansa ya tafi. Ni kaina na lura na daina farkawa da faɗuwar gaba. Yakan dube ni ya ce, "Ina oganka yau, Lawal?" Sai in ce babu. Ya ce, "To ka gani."

Da rani ya shigo sai abin ya juya. Rafin ya koma kududdufai, sannan ya koma yashi, sai mun haƙa kafin mu sami ruwa mai launin koko. Mafarauta daga ƙauyuka suka cinna wa dajin wuta, a yini biyu duk abin da muke tsinka ya zama toka, namun da suka rage suka gudu. Sannan muka gane dajin ba namu mu kaɗai ba ne. Masu gawayi suna sare itatuwa ta yamma da mu, suna turnuƙe sama da hayaƙi. Ta arewa kuma kowace azahar sai mu ji ƙarar nakiya, ana fasa dutse don kai wa masu gini a birni, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu. Muka tashi muka ƙara nisa, muka sake tashi. A zango na uku, wurin da Yaya ya ce ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba, ya yi tuntuɓe da wani abu a cikin toka. Ya share da hannu. Turken siminti ne na safiyo, da lamba a kansa. Ya karanta lambar, ya gaya min ma'anarta, ya ce an riga an raba wurin fuloti-fuloti. Ya ɗauki gatari ya yi ta dukan turken har ƙotar ta karye. Ranar bai ci komai ba.

A wannan zangon muka san Buba, wani dattijon Bafulatani da rugarsu ke bayan tudu. Shi ma birni ne ya yi ta turo su gaba-gaba, ya ce rugarsa ta tashi sau biyar. Yaya ya ɗauka ya sami wanda zai fahimce shi, ya zauna ya zayyana masa komai, har da cewa kiwo ma bauta ce, mutum ya ɗaure dabba dabba ta ɗaure shi. Buba ya saurara yana jingine da sandarsa.

"Malam, na ji ka," in ji shi. "Gari mugu ne, ni ma ya ci ni. Amma maharban da kake magana, kakana ya san irinsu. Ba su biyu ba ne. Dangi ne guda, da tsofaffinsu da suka san kowane ganye, kuma dajin da suke ciki sai ka yi kwana goma ba ka fita ba. Kai ba ka da tsoho, ba ka da daji. Mu da aka haifa a nan, 'ya'yana uku na binne, kuma duk ukun da akwai mota da sun kai asibiti."

Yaya ya ce wannan duk laifin birni ne da ya cinye dajin. Buba ya ce haka ne, amma sanin mai laifi ba ya cika ciki. Daga ranar matarsa takan aiko mana da nono. Yaya ya ƙi sha. Ni ina sha a ɓoye, har na kai ga bin Buba kasuwar Karshi sau biyu a babur ɗin ɗansa da sunan na tafi duba tarko, na sayo garin kwaki da gishiri na ɓoye a kogon dutse. Can na sami wanda ya ba ni aron waya na kira Zuba, aka ce min Rabi ta sauka, namiji. Na dawo na rasa yadda zan gaya masa ba tare da na tona kaina ba. Da na faɗa, bai tambaye ni inda na ji ba. Ya yi hamdala, ya ce a sa masa Abubakar. Kai ne, Sadiƙu. Na ce mu je ko kwana ɗaya ya gan ka. Ya ce saura wata biyar shekara ta cika, yana so ya zo maka da amsa a hannu. A lokacin haƙarƙarinsa duk sun fito, ana iya ƙirga su daga nesa.

Da bazara ne, zafi ya kai maƙura. Da hantsi muna tonon ramin gafiya a gindin wani suri, ya zura hannu, sai ya fizgo shi. Kububuwa ce ta sare shi, 'yar ƙarama, ba ta kai kamu biyu ba. Na kashe ta da adda. Ya ɗaure hannun da igiya, ya tsaga wurin, ya tauna wata saiwa da ya ce ya karanta labarinta, ya shafa. Na ce mu tafi. Ya ce, "Alkawari, Lawal." Yinin nan da ƙafarsa yake tafiya, hannun ne kawai ya kumbura, har yana yi min ba'a wai na fi shi tsoro. Na ce a raina wataƙila dafin bai shiga sosai ba.

Washegari da ya wanke baki sai ruwan ya fito ja. Dasashinsa na zubar da jini. Inda ya tsaga ya ƙi tsayawa, wani tsohon ƙurji a ƙafarsa ma ya buɗe. Fitsarinsa jini. Buba ya zo da rana, ya duba, ya ja ni gefe.

"Wannan macijin na san shi. Ba ya kisa da wuri, tsiyayar da mutum yake yi. Akwai allurarsa a gari. Ɗana yana da babur, yanzu in ka ce a tafi za a tafi."

Na koma wurin Yaya na durƙusa, na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da nonon Inna, na ambaci sunayenku. Hankalinsa garau yake. Ya ce jiki yana fitar da dafin ne, mutanen da can haka suke warkewa, in na ɗauke shi da ƙarfi bai yafe min ba duniya da lahira. Na fito na ce wa Buba a bari zuwa gobe. Buba ya dube ni, ya kaɗa shanunsa ya tafi.

A rana ta uku da safe ya daina gane ni, yana kirana da sunan Babanmu. Na ruga rugar Buba. Muka ɗora shi a babur, ɗan Buba na tuƙi, ni ina bayan Yaya na rungume shi, jininsa na bin rigata. Hanyar da muka yi yini da rabi a ƙafa, babur ya yi ta kafin azahar. Wannan ma yana cikin abin da ke ci na: duk wannan lokacin kusa muke. A wani ƙaramin asibiti a Karshi suka karɓe shi da gudu, suka yi masa allurar, suka ɗebi jinina suka ƙara masa. Ma'aikaciyar jinyar, wata mata mai Hausar 'yan kudu, ta tambaye ni yaushe macijin ya sare shi. Na ce shekaranjiya. Ta ce, "Oga, me ya sa? Wannan magani yana nan tun shekaranjiya."

Wajen la'asar ya farfaɗo. Ya dubi silin, ya dubi robar jinin da ke rataye, sannan ya dube ni.

"Ka karya alkawari," in ji shi.

Na ce, "Na karya, Yaya."

Numfashinsa na fita da ƙyar. Sannan ya ce, "Da ka san za ka karya, ai da ka karya tun shekaranjiya."

Har yau ban sani ba ko wasa yake min irin nasa, ko kuwa da gaske yake. Ya tambaya ko jaririn yana kama da shi, na ce ban gan shi ba tukuna. Ya yi kalmar shahada sau biyu. Kafin magariba ya cika. A Karshi muka binne shi, ni da Buba da mutanen masallacin kasuwa waɗanda ba su san ko sunansa ba.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Cewa na yi ka dawo min da shi." Ta rayu shekara huɗu bayan haka, tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake kirana mu yi hira ba. Ga dangi na ce rantsuwa ce ta ɗaure ni, na ji tsoron Allah ya kama ni. Malamai sun ce min irin wannan rantsuwar kaffara ake yi mata a ceci rai, kuma gaskiya ni ma na san haka tun a dajin.

Bayan Rabi ta fita takaba, wata rana da safe ina shirin fita kasuwa ta tsayar da ni a bakin ƙofa, kai Sadiƙu kana kafaɗarta.

"Lawal, abu ɗaya zan tambaye ka, ba zan sake ba. Kai da kake shan nono a ɓoye, kake zuwa kasuwa a ɓoye, rantsuwa ba ta hana ka ba. Me ya hana ka ɗauko shi ranar farko?"

Na ce mata abin da nake ce wa kowa. Ta girgiza kai, ta ce ta ji, kada in sake tayar da maganar a gaban yara, ta koma ɗaki.

Amsar da ban ba ta ba ita ce wannan. A ranar farko da ta biyu, ina kallon jini na fita daga bakin ɗan'uwana, akwai wani sashe na zuciyata da ke jira ya ga ko zai warke. Watanni ukun nan na farko sun shige ni fiye da yadda na nuna. Ba na son komawa rumfa da 'yan karɓar haraji da fargabar jan fenti, kuma na san in saiwar ta yi aiki ba za mu koma ba. Na yarda da maganarsa daidai gwargwadon da zai sa in jira kwana biyu, kuma kwana biyun nan su suka kashe shi.

Na riƙe ku, na aurar da ke Amina, na ga ka gama makaranta Sadiƙu, kuma ban yi don in biya ba, domin abin ba ya biyuwa. Kabarin yana gabas da tsohuwar maƙabartar Karshi, kusa da wata bishiyar ɗorawa. In kuna so ku gani, ku zo mu je tun ina iya gane hanya.